Yadda Ƙwaryar Kaka Ta Hana Ni Zuwa Wata

Wautar da na yi ƙarama ce, amma ta kusa raba ni da lakkwal, wato makarantar boko, har abada. Na gaya wa kakata cewa gwamnati ta zaɓe ni zan tafi wata. Ni da wasa na faɗa, ita kuwa ba da wasa ta ji ba.

A lokacin ina ajin ƙarshe a Tawa, shekarar da ake rubuta jarrabawar satifika. Gidanmu yana Barmu, amma ina zaune wurin Baffa, ƙanen mahaifina, wanda yake ɗinki a bakin kasuwa. Baffa yana da rediyo, kuma rediyon ya fi keken ɗinkinsa tara jama'a. Mutum zai kawo wando a rage masa tsawo, ya zauna sauraron labarai, ya tashi ya tafi gida ya manta da wandon.

Wata rana da yamma rediyon ya ce Amurka ta zaɓi sababbin mutane da za a horar da su su zama ƴan sama jannati, kuma a cikinsu ake sa ran samun wanda zai taka wata. Wani tsoho mai sayar da goro ya cire hula ya ce, “Jannati? Allah ya jiƙansu.” Baffa ya ce masa ai da ransu za su. Tsohon ya mayar da hularsa ya ce to shi bai taɓa jin an shiga can da rai ba, amma Nasara ba abin da ba ya gwadawa.

Bayan ƴan kwanaki malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya shigo aji da jaridar Faransanci. A ciki akwai hoton mutanen, sun jeru, kowa da aski iri ɗaya, kowa yana murmushi kamar an yi musu alkawarin nama. Mushe ya ce kafin a bar mutum ya tashi sai an wahalar da shi. Za a sa shi a wata na'ura a yi ta juya shi har hanjinsa ya manta wurin zamansa. Za a kai shi hamada a bar shi da zafi da ƙishirwa. Za a koya masa tsintar duwatsu, don duwatsu ake so ya kwaso daga can. Abincinsa kuma a ɗan bututu yake, matsawa ake yi a baki. Bayan duk wannan, in ji mushe, ba duka za su tashi ba. Wasu za su yi furfura suna jiran layi ya zo kansu, kuma wanda ya tashi ma ba a ba shi tabbacin dawowa.

Ni dai ina ji ina mamaki. Zafi? Su zo Tawa da bazara, lokacin da kaza ke tafiya tana ɗaga ƙafa kamar mai rawa. Ƙishirwa? Rijiyar garinmu, idan ka saki guga da safe sai ka je ka karya kumallo ka dawo kafin ya taɓa ruwa. Tsintar duwatsu kuwa, a gonar Kaka duwatsu muke nomawa, hatsi bisa kuskure yake fitowa.

Da mushe ya juya shafi ya nuna mana hoton fuskar wata, sai wani abokina ɗan garin Takanamat, yaro siriri da bai cika magana ba, ya ɗaga hannu.

“Mushe, wannan ai hanyar Kalfu ce, duk ramuka da duwatsu.”

A ranar muka buɗe namu ajin. Mu uku ne: ni shugaba, tunda ni na kawo shawara, ɗan Takanamat, sai ɗan mahauci, wanda muka ɗauka saboda yana zuwa da ƙilishi a aljihu.

Na'urar juyi ba ta ba mu wuya ba. Bayan tashar mota akwai tsohuwar gangar kananzir da aka yar, kuma a gefen gari akwai tudun rairayi. Sai mutum ya shiga gangar, sauran biyu su tura. Idan ta tsaya a ƙasa, a fito da shi a ce ya yi tafiya a miƙe ya faɗi sunan kakansa. Ɗan Takanamat ya fito ya karkaɗe riga kamar ba a yi komai ba. Ya ce wanda ya girma a bayan raƙumi ganga ba ta ba shi labari. Ni na fito na ga Tawa guda uku, na zaɓi ta tsakiya na nufa, na faɗa kan ƙaya. Ɗan mahauci ya shiga lafiya, fita ce ta gagara. Muka yi ta ja, shi yana kiran innarsa, gangar tana amsawa. Daga ranar muka naɗa shi mai ƙirga, wanda zai tsaya a ƙasa yana ƙidaya da baya da Faransanci kafin a tashi. Ko a nan ma kullum sai ya tsallake bakwai.

Abincin bututu ma mun gwada. Muka samo tsohon tiyon keke muka ɗura fura a ciki. Sai da na yi mako ina gyatsar roba.

Abin da ya rage hula ce, irin ƙatuwar nan mai taga a gaba. A gidan Baffa akwai wata babbar ƙwarya da Kaka ta aiko da cuku a cikinta. Tsohuwa ce, ta taɓa tsagewa a gefe, Kaka ta ɗinke tsagar da hannunta. Na gwada ta a kaina, ta zauna kamar don ni aka shuka ta. Ɗan mahauci ya kawo wuƙar babansa muka yanka taga. Matar Baffa ta yi ta neman ƙwaryar nan har ƙarƙashin gado, ni ma na taya ta nema da iyakar ƙoƙarina.

Da hular a kai ganga ta fi daɗi, sai dai ranar da bakin tagar ya sare ni a goshi. Da wannan tabon na tafi Barmu da aka ba mu ɗan hutu.

Na tarar da Kaka a gindin rumbu tana kaɗi, da la'asar sakaliya. Ni da ita kullum cikin tsokana muke. Tana ce mini maigida, ina ce mata amarya mai haƙori biyu. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske.

“Maigida, wa yab buge ka? Ko wata ce ta hi ni zahin kishi?”

“Ba bugu ba ne, amarya, horo ne. Gwamnati ta zaɓe mu. Za mu wata.”

“Wata ina?”

“Wata dai.”

“Wata ƙasa? Wata kasuwa? Ƙarasa maganarka, ba ni son rabin zance.”

Na nuna mata sama. Watan yana nan ya fito da wuri, fari fat kamar ɓallin cuku. Ta daɗe tana kallonsa. Na zaci dariya za ta yi, ko ta jefe ni da mazari. Amma a ƙasarmu ta Adar ba a yi wa tafiya dariya don nisanta. Babu gidan da ba shi da mutum a Abijan ko Ankara ko Kano. Idan yaro ya ce zai tafi wuri, ba a tambayarsa ko wurin yana da nisa, masauki ake tambaya.

“Wa ag gare mu can?” in ji ta.

“Ba kowa. Mu ne na farko. Ni zan zama mai masaukin Adarawa.”

“Akwai rijiya?”

“Babu. Da ruwanmu za mu.”

“Mi ake saidawa?”

“Duwatsu ake kwasowa.”

“Duwatsu,” ta ce, ta waiga ta dubi gonarta. “To yaushe za ka komo?”

A nan ne bakina ya kai ni. Na tuna maganar mushe, na gyara murya irin ta rediyo, na ce, “Wannan ba a ba kowa tabbaci ba.”

Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ubanka ma da wata yat tahi.”

Mahaifina ya tafi Abijan tun ina famfarar haƙori. Ya ce wa Kaka wata guda zai yi ya samo na tufafi ya dawo. Yakan aiko da turmin atamfa da gaisuwa idan ya sami mai zuwa, amma shi kansa ba mu sake ganinsa ba. Duk na san wannan. Amma ni a lokacin abin da na ji kawai shi ne tsohuwa ta iya wasa da kalma, har na tafa mata. Na ci tuwona na yi barci, hutu ya ƙare na koma Tawa.

Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, ranar ce mutanen Barmu ke shigowa gari. Ranar Litinin muna tsakiyar dikte, mushe yana karantowa muna rubutawa, sai muka ji kukan jaki a tsakar lakkwal. Na leƙa ta taga. Jakin Kaka ne, an ɗaure shi a jikin sandar tuta, sabuwar tutar ƙasa tana kaɗawa a samansa. Kafin in gama addu'a ta shigo aji da sandarta, Baffa yana biye da ita yana ta ba iska haƙuri.

“Wane na babbanku?” ta tambayi mushe. “Na zo ɗaukar mijina.”

Aji ya fashe. Aka kira darakta, shugaban lakkwal. Daraktanmu mutumin Damagaram ne mai tabarau, wanda idan ya yi tari a ofis ƴan aji ɗaya sukan miƙe tsaye. Ya zo da fushinsa, ya ga tsohuwa, ya ajiye fushin a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta bayyana masa cewa ta ba da jikanta a koya masa karatu, ba ta ba da shi a harba sama ba. Darakta ya cire tabarau ya dube ni. Na dubi dikte na kamar ban taɓa ganin abu mai daɗin karatu irinsa ba.

“Inna,” ya ce, “ba wanda zai kai shi ko'ina. Surutun yara ne. Yaron nan yana da ƙoƙari, jarrabawa ta matso. Ki bar mana shi wata guda kawai.”

Kaka ta buga sanda a ƙasa ta juya ga Baffa. “Ka ji ko? Shi ma ya hwaɗi!”

“A'a, Inna,” in ji darakta, “ba wancan ba. Jarrabawar nake nufi. Wata mai zuwa.”

“Au! Watan ne ma zai zo da kainai ya ɗauke shi?”

Ɗan mahauci ya faɗo daga benci. Mushe ya juya ya fuskanci allo, kafaɗunsa suna rawa. Darakta ya buɗe baki ya rufe, yana neman kalmar da babu wata a cikinta, bai samu ba.

Sai Kaka ta sassauta murya. “Ɗana, na san abin da kake nuhi, ban haukace ba. Amma an taɓa ce mini wata guda. Na sama ko na ƙidaya, duk ɗaya na gare ni. Wanda yat tahi da shi bai komo ba.”

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ta kama wuyan hannuna, kuma hannun mai kaɗi ba ya saki. Darakta ya ce doka ba ta yarda a cire yaro haka ba. Ta ce doka ta zo Barmu ta same ta, tana gindin rumbu. Na fita daga lakkwal a bayan jaki, shugaban ƴan sama jannatin Tawa, da allona a hammata.

Tun a hanya na fara rantsuwa. Na ce ƙarya na yi, babu gwamnati, babu horo, ganga ce kawai da tudu. Ta bar ni na gama.

“Rannan ka rantse za ka, yau ka rantse ba ka zuwa. Wace zan ɗauka? Na ɗauki wadda ta bar ka gabana.”

“To ai ita ce ta yau!”

“Ta yau lakkwal take son maida ka. Can anka sare maka goshi.”

A Barmu aka ba ni kiwon awaki. Innata ba ta da ta cewa idan Kaka ta yanke magana, sai dai ta ƙara mini fura. Kwanakin farko na ɗauka abin zai wuce, har ina koya wa awakin Faransanci. Akwai wani bunsuru da ya fi ɗan mahauci gane darasi. Amma da kwanaki suka yi ta tafiya sai dariyar ta ƙare mini. Shekaruna sun kusa wuce na jarrabawa, kuma na san yaran da aka cire aka ce na ɗan lokaci ne, yanzu suna da gemu. Nakan zauna a kan dutse in tuna warin alli. Ni da nake guje wa lissafi kamar kunama, sai ga ni ina yin sa da tsinke a ƙasa.

Na roƙi wani maƙwabcinmu mai kai itace Tawa ya gaya wa Baffa ya zo da abokaina su ba da shaida. Ranar Alhamis, da yake ba a karatu, suka iso a saman kamyo, babbar motar kaya, sun yi fari da ƙura. Ban ce su zo da komai ba. Ɗan mahauci ne ya ga ya dace a zo da hujja, kuma da yake ganga ta fi ƙarfin ɗauka, sai ya zo da hula. Bai tsaya nan ba, ya ga ya dace ya sa ta. Haka ya shigo gidanmu, ƙwarya a kai, idanu a taga, ya durƙusa ya ce, “Ina wuni, Kaka,” muryarsa tana fitowa kamar daga cikin tulu.

Kaji suka watse. Kaka ba ta motsa ba.

“Wane na wanga?”

“Mai ƙirga ne,” in ji ɗan Takanamat. “Wannan ita ce hular da muke horo da ita. Kin ga ai wasa ne.”

“Cire.”

Ya cire ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya ƙwaryar, ta leƙa ta tagar, ta sake juyawa. Sai na ga babban yatsanta ya tsaya a gefe, yana bin tsagar nan a hankali. A lokacin na fara duba inda ƙofa take.

“Wanga ɗumki nawa na,” ta ce. Ta dubi Baffa. “Ba ita ce na aiko maka da cuku ba? Wadda matarka ta ce ta ɓace?”

Baffa ya ce lalle akwai kama.

“To ita ce hular gwamnati?”

Na ƙara matsawa wajen ƙofa.

“Gwamnatin da za ta kai mutum wata, ƙwarya ta rasa sai tawa?” Ta ɗaga ta sama tana kallonmu ta cikin tagar ɗaya bayan ɗaya. “Ku da wagga za ku? Wallahi ko Kalhu ba ku kaiwa.”

Sai ta fara dariya. Ban taɓa jin ta yi irinta ba. Ta yi har ta riƙe ciki, har hawaye suka zubo, ta share da bakin zane, suka sake zubowa, ta daɗe tana sharewa. Mu ma muka taya ta, ni har da ƙarin gishiri don in nuna komai ya wuce. Da ta gama ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ɗauki sanda.

Ranar na yi juyin da ya fi na ganga. Rumbun Kaka babba ne, kuma na zagaya shi har na daina sanin ko ni nake gudu ko ni nake binta. Tana bina tana lissafa tarihin ƙwaryar: daga hannun uwarta ta fito, da ita aka yi sunan ubana, da ita aka yi nawa. Ɗan mahauci ya tsaya gefe yana ƙirga zagayen da baya, don aikinsa ke nan.

Da ta gaji ta zauna tana haki, ta ce in matso. Na matso daidai inda sanda ba ta kaiwa.

“Ka koma lakkwal ɗinka. Amma daga yau, in za ka tahi, kar ka sake ce mini wata. Ka hwaɗa mini rana.”

“Rana kuma, Kaka?” in ji ɗan mahauci. “Ai can ta fi zafi.”

Shi ma ya samu rabonsa.

Na faɗa mata rana: Alhamis ta farko bayan jarrabawa. Ta sa na maimaita a gaban Baffa. Muka hau kamyon da ya kawo su muka koma Tawa, darakta ya karɓe ni bayan ya sa na share tsakar lakkwal, har da abin da jakin ya bari a gindin tuta.

Na rubuta jarrabawar na faɗi, don abin da aka koyar ina wurin awaki shi ya fito. Ranar Alhamis ɗin na je Barmu kamar yadda na ce, na tarar da ita zaune a bakin hanya tun hantsi. Darakta ya yarda na maimaita ajin, shekarar da ta biyo na ci, yanzu ina kwaleji. Ɗan Takanamat ya ci tun karon farko, yana gaba da ni da aji guda. Ɗan mahauci ya bar karatu ya tafi Abijan a saman lodin albasa, kuma a cikinmu shi ne ya fi kowa yin sama. Mutanen cikin hoton, rediyon Baffa ya ce wasunsu sun tashi sun zagaya duniya sun sauko, wasu suna jiran layi, kuma har yau da nake rubutun nan ba wanda ya taka wata. Mahaifina bai dawo ba tukuna. Ƙwaryar tana nan a Barmu, Kaka tana kife ƴan tsaki da ita saboda shaho, suna leƙowa ta tagar.